Ƙwaro yana huda ganyen wake a lambun gida: a yi feshi ko a bi shi da hannu?

Mai Lambun Bayan Ɗaki:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin noman wake. Na shuka wake a 'yan kunyoyin da ke bayan ɗakina, ya kuma tsiro lafiya, amma tun da ganyen farko ya buɗe na fara ganin ƙananan huji zagayayyu a jikinsa, kullum sai ƙaruwa suke yi, har wasu ganyayen sun koma kamar rariya. Da na duba da sassafe sai na tarar da wani ɗan ƙwaro mai sheƙi, launinsa tsakanin ja da ruwan ƙasa, bai kai ƙwayar wake girma ba, kuma da zarar na kai hannu sai ya saki ganyen ya faɗo ya ɓace a gindin shukar. Shin in sayi magani in fesa ne, ko akwai wata hanya, ganin cewa wurin a cikin gida yake, yara da kaji suna kai da kawowa?

Manomin Kasuwa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Shawarata ita ce ki fesa tun yau, kada ki jira gobe. A cikin abubuwan da ake shukawa da wuya a sami wanda ƙwari suke so kamar wake, tun daga ranar da ya tsiro har ranar da aka zuba shi a buhu, kuma duk wanda yake noma shi domin ya sami amfani ya san cewa ba a fita da feshi ƙasa da biyu ko uku. Ki nemi magani mai ɗauke da sinadarin saifametrin, ki auna daidai yadda aka rubuta a jikin kwalbar, ki killace yara da kaji na wannan yinin, maganar ta ƙare.

Malamin Gona:
Alhaji, ban musa maka cewa mai kadada biyar yana buƙatar famfon feshi ba, amma feshin biyu ko ukun da ka ambata yawanci lokacin fure da lokacin kwanso ake yin su, saboda ƙwarin da suke cin fure da tsutsar da take huda kwanso. Abin da Hajiya ta bayyana wani abu ne dabam, kuma kyautuwa ya yi a san ko wane ƙwaro ne kafin a buɗe kwalba.

Hajiya, siffar da kika bayar ta yi daidai da ƙwaron ganyen wake wanda masana suke kira Ootheca. Tsawonsa kamar milimita 6 ne, yana yaɗuwa a sassa da yawa na Afirka, kuma yakan fito ne daga ƙasa da ruwan farko, daidai lokacin da wake yake ƙarami. Macen tana zuba ƙwai a cikin ƙasa kusa da gindin shuka, tsutsar da ta ƙyanƙyashe ta ci saiwa, musamman 'yan ƙulle-ƙullen nan da wake yake tara sinadarin naitirojin a cikinsu, sa'an nan ta kwanta a ƙasar har wata damina ta fito da fukafukai. Saboda haka wanda yake maimaita wake a kunya ɗaya kowace shekara shi ne yake kiwon ƙwaron da kansa.

Hatsarinsa yana cikin makonni biyu zuwa uku na farko. Tsiron da yake da ganye biyu kacal zai iya mutuwa idan aka cinye su, amma da zarar shukar ta yi rassa, tana iya rasa kusan rubu'in ganyenta kafin fure ba tare da amfaninta ya ragu ƙwarai ba, domin wake yana saurin mayar da ganye. A 'yan kunyoyi kaɗan, ki sami kwano mai faɗi, ki zuba ruwa da ɗan sabulu, ki fita da sassafe kafin rana ta ɗumama su, ki tara kwanon a ƙarƙashin shukar, ki kaɗa ta da ɗaya hannun. Halin nan nasa na sakin ganye ya faɗo shi ne zai jefa shi cikin ruwan, sabulun kuma ya hana shi fita. Ki riƙa yin haka kullum har shukar ta yi ƙarfi.

Manomin Kasuwa:
Malam, wannan aikin mai lokaci ne. Ƙwaron nan yana tashi, kuma idan ta kwashe na yau, na maƙwabta za su sauka gobe.

Malamin Gona:
Haka ne, amma haka za su sauka ko da ta yi feshi, domin ƙarfin maganin kwanaki kaɗan yake yi a kan ganye, ruwan sama kuma yana wanke shi, sabon ganyen da ya fito bayan feshin kuwa babu komai a kansa. Idan saukar baƙin ƙwari ce damuwa, abin da ya fi dacewa shi ne raga mai ƙananan idanu: a kafa 'yan sanduna, a lulluɓe kunyar, a binne bakin ragar da ƙasa ta kowane gefe. Wake yana da wata falala a nan wadda kabewa da kankana ba su da ita, wato furensa yana yi wa kansa barbara, don haka zai yi kwanso ko da ƙudan zuma bai kai gare shi ba. Sharaɗi ɗaya ne kawai: ragar tana aiki ne a ƙasar da ba a shuka wake a cikinta bara ba, domin idan ƙwaron daga ƙarƙashin kunyar yake fitowa, an rufe shi ke nan tare da abincinsa.

Tsohon Manomi:
Ni dai 'ya'yan darbejiya na sani, kuma ban ga dalilin da zai sa a manta da su ba. A tsince busassu, a ɓare, a daka ƙwayar, a jiƙa kamar cikin hannu guda a kowace litar ruwa, a bar shi ya kwana, da safe a tace da ƙyalle mai laushi, a ɗiga ɗan ruwan sabulu domin ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, a sama da ƙarƙashin ganye. Wasu kuma suna barbaɗa tankaɗaɗɗiyar toka da safe tun raɓa ba ta bushe ba.

Ɗalibar Aikin Gona:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ina goyon bayan darbejiya, amma ina so Hajiya ta san abin da za ta sa rai a kansa, domin mutane da yawa suna fesawa su dawo bayan sa'a guda su ga ƙwaron yana nan da ransa, sai su ce maganin banza ne. Sinadarin da ke cikin ƙwayar, wanda ake kira azadiraktin, ba ya kashe babban ƙwaro nan take. Yana hana shi sha'awar cin ganyen, yana kuma hana tsutsa rikiɗa ta girma, saboda haka ya fi tasiri a kan tsutsa fiye da ƙwaro mai taurin baya. Rana tana lalata shi cikin 'yan kwanaki, shi ya sa ake maimaitawa kusan kowane mako, kuma ruwan da aka jiƙa yau ba a ajiye shi sai mako mai zuwa. Ganyen darbejiya ma ana amfani da shi, sai dai ƙarfinsa bai kai na ƙwayar ba. Game da toka kuwa, tana ɗan korar ƙwaro muddin tana kan ganye a bushe, amma ruwan sama ɗaya ya isa ya tafi da ita, kuma yawanta yana ƙona ganyen tsiro.

Tsohon Manomi:
'Yata, kin yi gaskiya game da rana, shi ya sa na ce da yamma. Amma ni a ganina wanda ya ƙi cin ganyena ya tafi wani wuri ya biya mini buƙata, ko ya mutu ko bai mutu ba.

Mai Lambun Bayan Ɗaki:
Na gode ƙwarai. Na gwada kwanon ruwan sabulu yau da safe, kuma lalle suna faɗawa. Sai dai na ga abubuwa biyu da ban gane ba. Akwai wani ƙwaro mai zagayen baya, ja da ɗige-ɗige baƙi, yana yawo a kan kan rassan da wasu ƙananan baƙaƙen ƙwari suka taru. Sa'an nan shuka biyu ganyensu ya yi dabbare-dabbare, wani wuri kore wani wuri rawaya, ya kuma murɗe, ko da yake babu huji da yawa a jikinsa.

Ɗalibar Aikin Gona:
Hajiya, mai ɗige-ɗigen nan kada ki jefa shi cikin kwano, domin ma'aikacinki ne. Baƙaƙen da suka taru a kan rassa su ne ƙwarin darɓa masu tsotsar ruwan shuka, shi kuwa su yake ci, shi da tsutsarsa, wadda take da tsawo da launin toka mai duhu da ɗan ruwan lemo a gefe. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa feshin da Alhaji ya ambata yakan juya wa mai shi: maganin yana kashe mai cin darɓa, ita kuma darɓa tana hayayyafa da sauri fiye da shi, sai ta dawo ta tarar babu mai hana ta.

Duk da haka akwai 'yan uwansa da suke cin ganye, kuma sanannen cikinsu shi ne Epilachna varivestis, babban abokin gaban masu noman wake a Meziko da Amurka. Launinsa ruwan tagulla ne, da ɗigo baƙi 16 a bayansa, ƙwansa rawaya ne a dunƙule a ƙarƙashin ganye, tsutsarsa kuma rawaya ce mai ƙayoyi. Hanyar rarrabewa mafi sauƙi ita ce a dubi ganyen da ƙwaron yake kai. Mai cin ganye yana kankare ƙarƙashinsa ne ya bar jijiyoyi da wata siririyar fata da ake ganin haske ta cikinta, mai cin darɓa kuwa ganyen da yake kai lafiya ƙalau yake, kuma kusan kullum za a same shi inda darɓa take.

Malamin Gona:
Shuka biyun da suka yi dabbare-dabbare su ne suka fi ba ni tsoro fiye da hujin. Alamar cutar bairos ce, kuma ƙwaron ganye da darɓa duka suna ɗaukar irin waɗannan cututtuka daga shuka zuwa shuka a bakinsu, wasu kuma tun a cikin iri suke zuwa. Ba ta da magani, kuma babu feshin da zai warkar da shukar da ta kamu. Ki tuge su da saiwarsu, ki fitar da su daga lambun, kada ki jefa su cikin takin da kike tarawa, kuma kada ki ajiye iri daga shukar da ta nuna wannan alama. Idan kika tuge, ki dubi saiwar ki tsaga ɗaya daga cikin ƙulle-ƙullen da farce: idan cikinsa ja-ja ne, yana aikinsa, idan kuwa kin tarar da su a fafe tare da wata farar tsutsa mai kai ruwan ƙasa, to, 'ya'yan ƙwaron ne, kuma ke nan baɗi sai a canza wa wake wuri, a kuma kafce wannan kunyar bayan girbi domin rana da tsuntsaye su yi aikinsu.

Manomin Kasuwa:
Na ji duk wannan, amma ku jira fure ya fito ku ga hangara. Ranar da suka sauka a kan wake, kafin la'asar babu fure ko ɗaya, kuma furen da aka cinye kwanso ne ya tafi, ba irin ganye ba ne da zai sake fitowa. A nan ma da kwano za ku bi su?

Mai Kiwon Zuma:
Alhaji, a nan ne ma kwanon ya fi dacewa. Hangara babba ce, wasu sun kai santimita 2 zuwa 3, baƙa mai ratsin ja ko rawaya, ana hango ta daga nesa, kuma ba ta da saurin tashi da safe. Ƙwaro mai wannan girma ba ya mutuwa da ɗan magani kaɗan, sau da yawa ma ya riga ya ci furen kafin maganin ya kama shi, sa'an nan wasu su sauko daga daji washegari. Abin da feshi a kan buɗaɗɗen fure yake kashewa tabbas shi ne ƙudan zuma. Malam ya ce wake ba ya dogara da ƙudan zuma, haka ne, amma ƙudan yana ziyartar furen wake, kuma shi ne wanda kabewa da kankana da itatuwan da ke kewaye suke jira. Saifametrin da danginsa dafi ne mai ƙarfi ga ƙudan zuma da kuma kifi. Wanda ya ga lalle sai ya fesa, ya bari sai gab da magariba lokacin da furen ya rufe ƙudan ya koma gida, kuma kada ya wanke famfonsa kusa da ruwa.

Malamin Gona:
Ina ƙarawa da gargaɗi game da hangara: kada a kama ta da hannu tsirara, kada kuma a murƙushe ta a jiki. Tana fitar da wani ruwa mai sinadarin kantaridin wanda yake sa fata ta yi bororo, idan ya shiga ido kuwa abin ya fi muni. A sa safar hannu ko a kaɗa ta da tsinke cikin ruwan sabulu, sa'an nan a binne matattun inda dabbobi ba za su kai ba, domin dafin yana nan ko bayan ta mutu, kuma yana iya kashe doki idan ya ci ta a cikin harawa. Wani abin lura shi ne tsutsar hangara ƙwan fara take ci a cikin ƙasa, shi ya sa takan yi yawa a shekarar da ta biyo bayan yawan fara.

Manomin Kasuwa:
To, me zai hana ta shuka sabon irin nan da aka ce ƙwari ba sa cin sa, kowa ya huta?

Ɗalibar Aikin Gona:
Idan SAMPEA 20-T kake nufi, Alhaji, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar a Nijeriya a 2019, an samar da shi ne domin tsutsar Maruca mai huda fure da kwanso, wadda 'yar wani malam-buɗe-littafin dare ce. Kariyar da ke cikinsa ba ta shafi ƙwaron ganye ba, ba ta shafi hangara ko darɓa ba, ba ta kuma shafi ƙwaron da ke cin wake a ma'aji ba. Yana rage yawan feshi, amma matsalar da Hajiya ta kawo tana nan ko da shi ta shuka.

Tsohon Manomi:
Tun da an ambaci ma'aji, bari in faɗi abin da nake gani ya fi duk waɗannan muhimmanci. Mutum zai sha wahala ya kuɓutar da wakensa daga mai cin ganye da mai cin fure, ya girbe, ya zuba a tukunya, bayan wata biyu ya buɗe ya tarar kowace ƙwaya da huji, ga gari a ƙasa, ga ƙwari suna yawo. Sai ya ce daga waje suka shigo, alhali tare da waken ya kwaso su daga lambu.

Malamin Gona:
Baba ya taɓo inda asara ta fi yawa. Wannan ƙwaron, Callosobruchus maculatus, yana fara zuba ƙwai ne tun a kan kwanson da ya nuna a lambu, musamman wanda ya tsage, don haka a riƙa tsinke kwanso da zarar ya bushe, kada a jira duka su nuna. Idan aka duba ƙwayar wake da kyau za a ga ƙwan manne a jikinta, ɗan farin ɗigo da ba ya fita da busawa. Tsutsar tana hudawa ta shiga ciki kai tsaye daga ƙarƙashin ƙwan, ta ci ta girma ba tare da an ga alama ba, hujin da ake gani kuwa ƙofar fitar babban ƙwaro ce. A lokacin zafi zagayen nan yana kammala cikin makonni uku zuwa huɗu, kowace mace kuma tana zuba ƙwai gommai, shi ya sa 'yan ƙwayoyi kaɗan masu ƙwai suke isa su lalata tukunya guda.

Ga mai ɗan wake kaɗan, hanyoyi uku sun isa, kuma babu guba a cikinsu. Ana iya shimfiɗa baƙar leda a kan busasshiyar ciyawa a tsakiyar rana, a baza waken da sirara, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe bakinta, a bar shi kamar sa'a biyu. Zafin da ke taruwa a ciki yana kaiwa kusan digiri 60, wanda yake kashe ƙwai da tsutsa. Mai firiza kuma ya ƙulle waken a leda ya bar shi a ciki mako guda. Sa'an nan a zuba a abin da iska ba ta shiga, kamar kwalba ko jarka mai murfi da ke kamawa, a cika ta har baki, domin ƙwarin da suka rage su shanye ɗan iskar da ke ciki su mutu. A kan wannan hikima aka gina buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, wanda ya fito daga binciken Jami'ar Purdue ta Amurka, aka fara yaɗa shi sosai a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya daga 2007.

Abin da nake roƙo a guje masa shi ne zuba maganin feshi a cikin waken ci. Sinadarin da ake rubutawa DDVP a jikin kwalba ba a yi shi domin a cuɗa da abinci ba, kuma yawan samunsa a cikin busasshen wake ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da waken Nijeriya a 2015. Ƙwayar nan mai fitar da iskar fosfin kuwa ta ƙwararru ce a rumbun da ke nesa da wurin kwana, kuma ta sha kashe mutane a ɗakunan da aka ajiye ta.

Manomin Kasuwa:
A kan ma'aji ba ni da ja, ni ma buhu mai leda nake amfani da shi. A kan lambu kuwa ina nan a kan bakana cewa idan ƙwari suka fi ƙarfin hannu, feshi ɗaya da aka yi bisa ƙa'ida, aka kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka, ya fi a zauna ana kallon shuka tana mutuwa.

Mai Kiwon Zuma:
Idan kafin fure ne, kuma tsiro ne yake mutuwa da gaske, ba zan yi maka gardama ba, Alhaji. Amma bayan fure ya buɗe, a 'yan kunyoyin da mutum zai iya zagayawa cikin minti goma, ban yarda ba.

Mai Lambun Bayan Ɗaki:
Malam, tambaya ɗaya ta rage mini. Waken da nake so in ajiye domin iri, zafin leda ko sanyin firiza ba zai kashe shi ba?

Malamin Gona:
Ba zai kashe shi ba, Hajiya, muddin ya bushe sarai kafin a yi masa ko ɗaya daga ciki, domin danshin da ke cikin ƙwaya shi ne yake sa zafi ya dafa ta ko sanyi ya fasa ta. Ki ciza ƙwaya ɗaya: idan ta fashe da ƙara, ta bushe, idan haƙori ya lotsa ta, ta koma rana. Kada ki wuce sa'a biyun a ƙarƙashin leda, kuma idan kika fito da shi daga firiza ki bar ledar a ƙulle har sanyin ya sake shi, domin kada raɓa ta kwanta a kan ƙwayar. Kafin lokacin shuka ki ɗebi ƙwaya 20 ki naɗe su a jiƙaƙƙen ƙyalle, ki duba bayan kwana biyar. Idan 16 ko fiye suka tsiro, irin yana da kyau, idan kuwa ba su kai ba, sai ki ƙara yawan ƙwayar da kike sa wa a kowane rami.